Wardi da Tsohuwar Ayaba a Ƙwarya Ɗaya

Dalilin da ya sa furen da aka yanko yake karya wuya ya yi yaushi in ba a lallaɓa shi ba, balle ma in ya ji ƙamshin nunanniyar ayaba, shi zan gaya muku yanzu, tunda an faɗa muku da baki kun ƙi ji. Zulai, ɗauke ayabar nan daga gindin kwalbata kafin in fara. Can nesa, kan turmi. Furannin nan da hannuna na yanko su tun rana ba ta fito ba, ba zan zuba ido ku kashe min su ba. To ku zauna. Wanda ya san fitsari zai dame shi ya je yanzu, don ni in na wuce wuri ba na komawa baya.

A zamanin da, lokacin da tsirrai suke magana kamar ni da ku, fure bai san wani abu wai shi tsufa ba. Ba wanda ya taɓa gaya masa. In ka yanko shi ka soke a jikin zana, damina ta zo ta wuce, kaka ta wuce, ka dawo ka tarar da shi garau, ko ruwa bai nema ba. Waɗanda aka bari a jikin uwarsu su ne suke zama 'ya'yan itace, amma wannan magana ce ta manya, ba a yinta gaban furanni. In fure ya waiga bai ga maƙwabcinsa ba ya ce ina wane, sai ganyaye su ce ya yi tafiya. Shi ke nan, ya ci gaba da kwalliyarsa.

To akwai wani mai lambu a bakin fadama, sunansa Nomau. Matarsa ta rasu da daɗewa, daga shi sai yayarsa Dudu da take tuƙa masa tuwo. Nomau hannun shuka gare shi, ko taɓarya ya dasa sai ta yi ganye, amma baki kam Allah bai ba shi ba. Ga shi kuma zuciyarsa ta faɗa wa wata bazawara mai fura a ƙauyen ƙetaren rafi, sunanta Tasalla. Yana sonta so mai tsanani, har in ya tuna ta sai ya yi ta ban ruwa a kwami ɗaya har albasa ta nutse.

Matsalar, ba shi kaɗai yake nema ba. Akwai Barau mahauci, mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya, kullum ya zo zance da ƙunshin tsire. Shi Nomau in ya zo, daga “ina wuni” sai “ya gida”, sai ya kama kallon yatsun ƙafarsa.

Wata rana suka haɗu a zauren su Tasalla. Barau ya kwance ƙunshinsa, ƙamshi ya cika wuri, ya dubi Nomau ya ce, “Mai lambu, yau me aka kawo mana? Alayyafo?”

Abin ya yi wa Nomau ciwo. Bai san sanda bakinsa ya buɗe ba, ya ce, “Namanka ai yau a ci, gobe a nemi tsinken sakace. Ni ina da abin da ba ya ƙarewa, ba ya canzawa. Yadda ka gan shi yau, haka za ka gan shi baɗi.”

Tasalla ta ajiye ludayi ta dube shi. Garinsu kan tudu yake, ba abin da ke fure sai tumfafiya, don haka ba ta san abin da yake nufi ba. Ta ce, “Maza ke nan. Kowannenku abin da ba ya canzawa yake kawowa, sai an shiga ɗaki a ga canji. To Malam Nomau, kawo shi in gani. Yayana Bawa ya tafi fatauci, shi ne waliyyina. In ya dawo ya tarar da abin naka yadda ka kawo shi, kai zan nuna masa. In ya canza, Barau ya turo magabatansa.”

Nomau ya koma gida yana murna, don a saninsa ya riga ya ci. Washegari ya shiga lambu ya yanko wani fure mai suna Wardi. Wardi fa ɗan ƙwalisa ne na ƙarshe, jar riga ninki a kan ninki, ga turare, ga ƙaya a jiki kada wani ya taɓa shi ba izini. Da ya ji gidan mace za a kai shi a kalle shi, sai ya ƙara buɗe kafaɗa.

Da Nomau ya riƙo shi a hannu haka ya tafi, da yau ba mu zauna nan ba. Amma yana zuwa ƙofar gida Dudu ta tare shi.

“Ina za ka da wannan?”

“Wurin Tasalla, Yaya.”

“Shi kaɗai? Ciyawa za ka kai gidan mace? So kake a ce gidanmu marowata ne? Tsaya nan.”

Ta shiga ɗaki ta fito da ayaba wadda ta nuna har ta gaji da nuna. Ta jera ta a ƙwarya, ta kwantar da Wardi a gefenta. Nomau ya ce, “Yaya, ko a bar shi a buɗe ya sha iska?”

Ta ce, “Kai dai ba ka san komai ba sai taki. A ina ka taɓa ganin an ɗauki toshi a buɗe, duk gari su ga abin da ka kai? Idon mutane fa.” Ta kifa faifai, ta ɗaure da ƙyalle tam, ta ɗora masa a ka.

Tafiya ta miƙa, rana ta take, cikin ƙwarya ya ɗau zafi. Ayaba tsohuwa ce tukuf, jikinta duk ɗigo-ɗigon baƙi, in ta numfasa sai ƙamshinta ya cika ko'ina. Ita dai ta yi abin da ya kamata, ta ce, “Sannu ɗan nan. Ɗan wane gefe ne kai a lambun?”

Wardi ya kau da kai ya ce, “Iya, ki matsa can, kina danne min riga.”

“Ina zan matsa, ɗan nan? Ƙwarya ce.”

“To ki rage numfashi. Turarena nake so ya isa wurin matar nan, ba warin wasu ba. Wai ma me ya same ki jikinki ya yi haka? Ciwo ne? Ana ɗauka?”

Kun ji fa. Babba ta gaishe ka, ka tambaye ta ko ana ɗauka. Hafizu, daina dariya, kai ma bakinka irin nasa ne, kuma baki shi ke yanka wuya.

Ayaba ta yi 'yar dariya ta ce, “Ba ciwo ba ne, tsufa ne. Kuma ana ɗauka. Kowa ma sai ya ɗauka.”

“Mene ne tsufa?”

“Au, ba su gaya maka ba? Ni da kake gani, fure ce a da. Rigata ta fi taka tsawo, ƙudan zuma cincirindo suke a ƙofata. Wata rana rigar ta saki, ta zube falle-falle. Na yi kore, na yi rawaya, ga ni yau. Ina furen lemo, maƙwabcinka?”

“Ya yi tafiya.”

“Furen gwaiba fa?”

“Shi ma ya yi tafiya.”

“Tafiyar ina? Suna can kasuwa a kan faifai ana tallansu. Su ma sun yi sa'a, sun tsufa sun zama abin ci. Kai da aka raba da uwarka ko wannan ba za ka samu ba. Bushewa za ka yi, a zo da tsintsiya.”

Wardi ya ce, “Ƙarya kike yi.” Ita kuwa tsohuwa ta matso ta dinga huro masa numfashi a kunne tana cewa, “Taɓa gefen rigarka ka ji. Kamar ta fara laushi, ko? Wuyan naka fa, bai yi maka nauyi ba?” Haka ta yi ta yi har aka haye rafi. Maganar ta shiga jikin Wardi, ya ji wani abu da bai taɓa ji ba tunda aka halicce shi, wato ƙishirwa.

Aka isa. Tasalla ta shimfiɗa tabarma a zaure, Barau yana nan ya zo kallo. Nomau ya sauke ƙwarya yana washe baki, ya kwance ƙyalle, ya ɗaga faifai. Sai ga Wardi kwance, wuya ya karye, riga ta yamutse, ga Ayaba a gefe ta yi lamo kamar ba ita ba.

Barau ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, “Wannan ne ba ya canzawa? Ai dafaffiyar rama ta fi shi tsayuwa. Tasalla, in je in sanar da kawunnaina?”

Tasalla ta dubi furen, ta dubi fuskar mai furen, ta ce, “Bai mutu ba tukuna. Baƙo ne, ya sha hanya. Ba a yanke wa baƙo hukunci kafin ya sha ruwa.”

Nomau ya ja ƙwaryar gefe ya durƙusa, ya yi ƙasa da murya ya ce, “Wardi, don Allah ka rufa min asiri. Me ya same ka?”

Wardi ya ce da ƙyar, “Ƙishirwa.”

Nomau ya fizgi buta ya kwarara masa ruwa a ka. Wardi ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya ce, “Wa ya ce maka wanka nake so? Kai mai lambu ne kuwa? Bakina a ƙafata yake.”

Tasalla ta kawo ɗan tulu da ruwa aka tsoma ƙafar. Aka jira, shiru. Wardi ya ce, “Ba ya shiga. Bakin ya bushe a hanya, ya toshe.” Ta ɗauko wuƙa ta datse ƙarshen ƙafar ta mayar da shi. Sai aka ji yana gunaguni daga ƙasa, wai sun zaunar da shi a kan bakinsa, gindin tulu ya rufe masa hanya. Ta sake fito da shi, ta yanka a karkace yadda ake fiƙe alƙalami, ta tsoma da sauri kafin iska ta shiga. Nan fa suka ji ƙwat, ƙwat, ƙwat. A hankali wuya ya fara miƙewa, riga ta warware, kafin Barau ya gama sakace haƙori Wardi ya tsaya ƙyam.

Da ya samu kansa sai mulki ya tashi. Ya waiga ya hango Ayaba a ƙwarya tana kallonsa, ya ce, “Muddin tsohuwar nan tana wurin nan, ni kwanciya zan sake yi.”

Tasalla ta ce, “Wannan ai mai sauƙi ne.” Ta ɗauki Ayaba ta fara ɓarewa.

Ayaba ko a jikinta. Ta ce, “Ci ni, 'yar nan, ai don haka na zo. Amma kai ɗan nan ka ji da kyau. Duk ɗan itacen da ya nuna ɗan'uwana ne, mangwaro ne, gwanda ce, tumatir ne. Duk inda suka gan ka, kai da danginka, sai sun tuna muku da tsufa.” Tana rufe baki Tasalla ta kai ta nata bakin, aka jefa wa akuya ɓawo.

Kuna tsammanin an gama? Ina. Washegari Nomau ya zo ya tarar ruwan tulu yana ɗoyi, Wardi ya ɓata rai. Ashe ganyayen ƙasa ne suka kwana cikin ruwa suka ruɓe. Wardi ya ce, “Ka taɓa ganin wanda ya shiga rafi bai naɗe wando ba?” Aka zage ganyayen ƙasa, aka wanke tulu, aka zuba sabon ruwa. Wardi ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce, “A gidan uwata har da abinci ake ba ni. Nan ruwa zalla?” Nomau, garin neman suna, ya kamfato zuma ludayi guda ya juye. Kafin azahar ruwa ya yi tsami, tururuwa sun yi hanya har wuyan tulu, Wardi yana neman agaji. Tasalla ta ƙwace ludayin ta ce, “Malam, fure za ka shayar ko kunu za ka dama?” Daga ranar ita take ɗiga zumar da kan tsinke.

Zumar nan kuma ita ta jawo wani ƙudan zuma ya leƙo zaure. Wardi ya samu mai sauraro, ya kwashe duk abin da Ayaba ta faɗa ya gaya masa yana kuka. Ƙudan zuma kuwa kun san aikinsa, daga wannan fure sai wancan. Kafin rana ta faɗi babu furen da bai ji labarin tsufa ba, daga fadama har bayan dutse. Abin da manya suka ɓoye tun farkon duniya, ɗan tsegumi ɗaya ya watsa shi a wuni.

Nomau dai bai da ta cewa sai aiki. Kullum kafin rana ta yi zafi ya hayo rafi da gorar ruwa daga rijiyar lambunsa. Ya zubar da na jiya, ya wanke tulu, ya ɗan fiƙe ƙafar Wardi, ya matsar da shi inuwa. Tasalla tana riƙe masa tulu yana yankan. Ba ya cewa komai, ita ma ta daina tsokanarsa, sai dai ta fara ajiye masa fura a ƙoƙo. Barau kuwa da yamma yake zuwa, kuma tun daga bakin ƙofa, kafin sallama, sai ya ce, “Ya mutu?”

Bawa shiru. Fatake dama ba su da rana, in sun ce gobe, ka sa ran ganinsu bayan an yi girbi. Wardi kullum ana rage masa ƙafa, ya yi ta gajarta. Aka sauke shi daga tulu zuwa gora, daga gora zuwa ɗan ƙoƙo. Duk da haka ya daɗe fiye da yadda Barau ya so. Amma maganar tsohuwa ba ta faɗi ƙasa ba. Wata safiya Nomau ya zo ya tarar da falle ɗaya na jar rigar a kan tabarma. Washegari ya tarar da wasu.

Ya koma gida ya kasa cin tuwo. Dudu ta ce, “Kai wane irin mutum ne? Lambunka cike yake da irinsa. Yanko wani ka musanya, wa zai gane?”

Nomau ya ce, “Yaya, ni na ce ba ya canzawa, ba wanda ya sa ni. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Kuma shi wancan ɗin in yi yaya da shi, in jefar?”

Ta ce, “To zauna nan, mahauci ya aure ta ka je cin tuwon biki.”

Ranar da jakunan Bawa suka shigo gari, Wardi ya zama ɗan guntun kara da sanƙo, falle ɗaya tal ya rage yana reto. Barau ya ci sabuwar riga ya zo ya zauna kusa da Bawa yana ta zuba masa sannu da hanya. Sai ga Nomau da gorarsa. Ya gaishe su, ya durƙusa gaban ƙoƙo, ya zubar da ruwan jiya, ya wanke, ya zuba sabo, ya fiƙe ɗan abin da ya rage na ƙafar. Yana mayar da shi fallen ƙarshe ya faɗo. Ya miƙe, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, “Tasalla, na faɗi. Allah ya sa haka ne mafi alheri.” Ya rataya gorarsa zai fita.

Bawa ya dubi ƙanwarsa ya ce, “To wanne ne a cikinsu?”

Ta ce, “Yaya, bari in yi tambaya ɗaya. Malam Nomau, dakata. Barau, in nama ya kwana biyu a rumfarka ya fara canza launi, yaya kake yi da shi?”

Barau ya bugi ƙirji ya ce, “Ni? Karnuka nake jefa wa. Tambayi kowa a kasuwa, ba na ajiye tsohon kaya.”

Tasalla ta ce, “Madalla. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.” Ta sa yatsa ta tura ɗankwalinta baya, sai ga furfura ta yi fari fat a gaban goshi, wadda ba wanda ya taɓa gani a cikinsu. Ta ce, “Yaya, ga wanda nake so, mai gorar nan. Ya ce akwai abin da ba ya tsufa, babu shi, bai sani ba ne. Amma tun ranar da ya ga abin zai tsufa, bai fasa zuwa da ruwa ba ko sau ɗaya. Ni ma mai irin wannan ruwan nake nema.”

Barau ya ce, “Sharaɗin fa?”

Ta ce, “Ni na kafa, ni na tuge.”

Nomau ya tsaya kamar an dasa shi. Daɗi ya kashe shi, ya ce, “To gobe ma in zo da ruwan?”

Ta ce, “Gobe da magabatanka za ka zo, malam.”

Shi ya sa har yau duk furen da aka yanko sai ya tsufa, don labari ya riga ya shiga kunnensu, ba mai iya fitar da shi. In kuma ya ji numfashin nunanniyar ayaba ko mangwaro, kafin ka juya ya karya wuya, don suna nan suna tuna masa. Mai son nasa ya daɗe sai ya yi aikin Nomau, ya fiƙe ƙafa a karkace, ya zage ganyen ƙasa, ya sa ɗan sukari kaɗan tunda zuma ta yi wuya, ya kawar da shi daga rana. Tsufan dai ba a hana shi, jinkirta shi ake yi, shi ma sai an samu mai zuwa da sabon ruwa kullum. Hafizu, tashi ka ɗebo wa kwalbar nan ruwa a randa. Ka haɗo da nawa a moɗa, maƙogwarona ya bushe, kuma tun safe ba wanda ya tambaye ni a cikinku.